OpenRocket: wata shida ina fama da ita, ga yadda na same ta

Gaskiya da farko na raina manhajar nan ta zana ƙananan rokoki da kwaikwayon tashinsu a kwamfuta, don ni duk abin da aka ce kyauta ne sai in fara zargin akwai lauje cikin naɗi. Wani ɗan Finlan ne, Sampo Niskanen, ya rubuta ta a matsayin aikin digirinsa na biyu, ya fara fitar da ita a 2009, yanzu kuma masu sa kai ne ke ci gaba da gyara ta, ko sisi ba ka biya, kuma tsohuwar laftof ɗina ma ta ɗauke ta lafiya lau.

Mu a kulob ɗinmu na ɗalibai ƙaramar roka muke haɗawa da za ta ɗauki CanSat, wato na'urar gwaji mai girman gwangwanin lemo, nauyinta bai wuce giram 350 ba, tana auna zafi da matsin iska tana saukowa da lema. To anan ne manhajar ta burge ni wallahi. Ka zana hancin roka, ka sa bututun jiki, ka maƙala fikafikai, ka zaɓi inji daga jerin da ke ciki, sai ɗigo biyu su fito maka, shuɗi na cibiyar nauyi, ja na inda iska ke turawa, kuma dole shuɗin ya kasance gaba da jan da kamar faɗin rokar sau ɗaya zuwa biyu, in ba haka ba tana tashi za ta fara wulwulawa kamar kazar da aka yanka. Kana matsar da gwangwanin santimita biyu baya kana ganin lissafin yana canzawa nan take, ni na kai ƙarfe biyun dare ina wannan wasan, shayina har ya huce ban sani ba.

Amma fa abin da ka ba ta shi za ta lissafa. Tashinmu na farko bai kai tsayin da ta nuna ba, na yi ta mita, ashe ni ne ban saka nauyin gam da fenti ba. Tun daga ranar komai sai ya hau sikeli.

Inda take da rauni shi ne idan roka ta zarce saurin sauti sosai, lissafin jan iska ya fara kaucewa, shi ya sa masu manyan rokoki suke haɗawa da wata manhajar lissafin tashin roka mai suna RASAero II. Masu burin tsallake tsayin kilomita 100 irin na CSXT, wata ƙungiyar masu sha'awar roka a Amurka, da suka yi a hamadar Black Rock ta jihar Nevada a 2004, ko ɗaliban jami'ar USC ta California da rokarsu Traveler IV a 2019, ba da OpenRocket kaɗai za su dogara ba. Fuskarta ma sai a hankali, kamar manhajar zamanin da.

Ni dai huɗu cikin biyar na ba ta. Sati mai zuwa za mu gwada fikafikai huɗu maimakon uku.