Lambar waya ko imel na biyu? Ɗauki lambar, amma mai sunanka

Ɗan'uwa, cikin biyun da ka ce kana shawarar ɗaura wa Gmail da Facebook ɗinka don ranar mantuwa, sa lambar waya. Sharaɗi ɗaya ne: ya zama layin da aka yi wa rajista da katinka na ɗan ƙasa, ba na aro ba.

Ni shi ya fisshe ni. An zare mini salula a cunkoson kasuwar Dole, ga shafin da nake tallar takalma a ciki, ga Gmail, kuma lambobin sirrin sun daɗe da fita kaina tunda wayar ce ke buɗewa da kanta. Na je ofishin kamfanin layi da katina, ma'aikaciyar ta duba suna, ta ba ni sabon sim mai tsohuwar lambata. A kan benci ƙofar shagon ƙanena na danna wurin waɗanda suka manta lambar sirri, sai ga saƙon Google, G- a gaba da lambobi 6 a baya. Kafin a sauke shayi na biyu na koma ciki, hotunan sunan ɗiyata da lambobin masu saye daga Matamaye har Mirriya duk suna nan. Wallahi ranar na yi barci da daɗi.

Imel na biyu kuwa, yana aiki, ban hana ba. Sai dai yawancinmu wani yaro ne ya buɗe mana shi, ba mu ma san lambar sirrinsa ba, ka ga makulli biyu ke nan sun ɓace maimakon ɗaya. Tun Disamba 2023 kuma Google na iya goge asusun da ya shekara 2 ba a leƙa shi ba. A WhatsApp ne kawai zan yaba masa: in ka manta PIN ɗinka, wato lambar sirrin da ka sa wa WhatsApp ɗin, kuma babu imel, sai ka jira kwana 7.

Layi ma yana mutuwa fa. Masu zuwa Kano ko ci-rani, kada ku ɗaura asusu a kan lambar Najeriya (+234) da za ku jefa aljihun jaka in kun dawo Damagaram. Layin da ya daɗe ba kira ba kuɗi, kamfani na karɓewa ya sayar wa wani, saƙon buɗe asusunka kuma wajensa zai je. In ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato a riƙa neman lambar da aka aiko wa wayarka bayan lambar sirri, Google na ba da lambobin ajiya na ranar da ba waya guda 10, kowace mai lamba 8, ana amfani da ita sau ɗaya. Kwafe su a takarda ka haɗa da takardun gida.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu sayar da sim a bakin hanya suna cewa "an riga an yi masa rajista". Da sunan wa? Ranar da ya ɓace, ofis ba zai saurare ka ba. Haka wayar da wani ya yi amfani da ita: mai ita ya cire asusunsa na Google a gabanka kafin ka miƙa ko jika ɗaya, in ba haka ba da an goge ta sai ta nemi imel ɗinsa ta kulle. Wanda kuma ya kira ka ya ce karanto masa lambobin da suka shigo maka yanzu, ko da muryar ɗan'uwa ya zo, kashe wayar.