Kotun farar hula ko kotun soja ta Guantanamo?

Ramzi Yousef da kawunsa Khalid Sheikh Mohammed duk a Pakistan aka cafke su, amma Amurka ta bi da su hanya daban-daban. Ramzi, wanda ya kitsa harin bam na 1993 a cibiyar kasuwanci ta New York, kotun tarayya ya shiga: alƙali, lauyoyi, shaidu a bainar jama'a. A 1998 aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

Kawun kuwa, da ake zargi da shirya harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka, an kama shi a 2003, hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta gana masa azaba a ɓoye, sai 2006 aka kai shi Guantanamo, gidan yarin sojan Amurka da ke Cuba. Kotun sojan da aka ce za ta fi sauri, shekaru aka kwashe ana jayayya kan ko maganar da aka tatsa da azaba hujja ce, iyalan mamatan suna ta zaman jira.