Dan Allah ku kula da masu tallan garin maganin ciwon baya da wuya a waya, ga abin da ya samu Hajiyarmu

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan abu, saboda ni ne da hannuna na tura kuɗin, ni na je tasha na karɓo kayan, ni na kai mata har ɗaki ina murna na samo magani, to kunya ma kaɗai ta isa ta rufe wa mutum baki. Amma jiya da daddare ina latse-latsen waya sai ga fuskar mutumin nan ta sake faɗo min a TikTok, sabon shafi, sabon suna, amma rawanin nan dai shi ne, robobin da ya jera a bayansa su ne, kuma a ƙasa mutane sai tambaya suke nawa ne, ya ake samu, kuna turawa Gombe? Shi ne na ce wallahi in na yi shiru akwai alhaki a kaina.

Hajiyarmu ta haura 60, kuma tun muna yara ɗinkin hula take yi, wanda ya san sana'ar ya san yadda ake wuni a duƙe kai a sunkuye ana bin zare. Yanzu abin ya taru ya zame mata ciwon wuya da na ƙugu, in ya motsa ko waiwaye ba ta iya yi sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya, sallah ma a zaune. Abin da muka saba yi mata a gida shi ne na kowa, a tsoma tawul a ruwan ɗumi a matse a gasa wurin, a shafa man kaɗanya ko man zafi, ƙanwata ta yi mata tausa, a dafa shayin citta da kanumfari. Sau ɗaya ma an kira wanzami ya yi mata ƙaho. Kuma gaskiya tana samun sauƙi, sai dai bayan kwana biyu ya dawo, mu kuma 'ya'ya mun ƙosa mu ga abin ya tafi gaba ɗaya. Ta nan aka kama ni.

Mutumin ya iya baki, wannan kam ba zan hana shi ba. Zai fara da bismilla da salati, ya ce ciwon bayan da ke damun mutane ba ciwon baya ba ne, sanyi ne da basir suka haɗu suka kwanta a ƙashi, asibiti ba su san shi ba sai dai su yi ta cin kuɗinka a hoto. Garin nasa wai sassaƙe ne da saiwoyi zalla, gadon kakansa, yana maganin baya, wuya, gwiwa, basir, har da ƙarfin maza duk a roba ɗaya. Da na yi masa magana ta WhatsApp kafin in gama bayani ya turo min muryoyin mata da maza kusan goma kowa na ta sa albarka, ya ce kwana 3 in sha Allah Hajiya za ta miƙe, sadidan ne. Roba ɗaya ₦18,000, in uku ne ₦45,000. Sunan da ke kan akawun ɗin da ya ba ni ba shi ne na shafin ba, na lura da wannan amma na kawar da kai. Na tura na uku, ya sa a mota, washegari direba ya kira ni.

Cokalin shayi ɗaya a kunu safe da yamma. Jama'a a kwana na biyu Hajiya ta yi sallar asuba a tsaye. Ta kira ni tana kuka tana cewa ɗan nan Allah ya yi maka albarka, rabon da in yi ruku'u haka har na manta. Ni kuma me zan yi, na shiga zauren danginmu na WhatsApp na yi masa talla kyauta, har da lambarsa. Mutum biyu suka saya ta dalilina.

Wata ɗaya da 'yan kwanaki sai muka ga Hajiya ta yi ƙiba, fuska ta cika ta zama zagaye kamar faifai, cin abinci ya ƙaru, duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ce kai Hajiya kin murmure kin yi kyau. Ashe ba murmurewa ba ce. Ga ƙishirwa ba dare ba rana, fitsari sau huɗu sau biyar kafin asuba, barci ya ƙaurace mata, ga ƙwannafi da zafin ciki, daga baya ma take gaya wa ƙanwata a ɓoye cewa bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta amma kunya ta hana ta faɗa. Na kira shi na ce Malam ga abin da muke gani, sai ya yi dariya ya ce Alhaji ai albishir ne, ciwon ne yake fita, a ƙara rabin cokali. Kuma muka ƙara. Wannan wurin ne in na tuna nake jin kamar in mari kaina.

Abin da ya tona asirin shi ne ƙarewar garin. Roba ta uku ta ƙare, na tura kuɗin wasu ya ce sai sati mai zuwa kaya za su iso daga daji. Kwana 3 da daina sha Hajiya ta kasa ɗaga kanta daga matashi, jiri, amai, jiki ya saki kamar tsumma, ciwon bayan kuma ya dawo ya ninka na da. Muka kwashe ta sai asibiti. Aka auna aka ce jininta ya yi ƙasa sosai sai an yi ƙari. Likitan ya tsaya ya kalli fuskarta da kyau, ya kama fatar hannunta ya ga tabon kwanciyar jini nan da can ba tare da ta buge ba, sai ya ce Mama wane magani kike sha? Ta ce babu komai likita, na gargajiya ne kawai. Ya juyo gare ni ya ce je ka kawo min robar ko da ragowar gindi ce.

Ƙanwata ce ta yi dabarar, ta karɓo robar ɗaya daga cikin waɗanda suka saya ta dalilina, ta zuba garin a rariyar tankaɗe ta kaɗa a kan farin faranti. Garin ganyen ya wuce, sai ga wasu 'yan ɓarɓashi farare da wasu ruwan ɗorawa sun tsaya a sama, ɗaya ma da ɗan layin nan na tsakiyar ƙwaya inda ake ɓalle ta biyu bai daku ba. Ƙwayoyin bature ne aka daka aka cakuɗa da garin ganye.

Bayanin da likitan ya yi mana shi ne ya sa na fahimci duk wasan. Ya ce alamun da ke jikinta na wanda ya daɗe yana shan sitiroyid ne, irin su dexamethasone ko prednisolone, waɗannan da wasu mata ke sha don ƙiba ake ce musu sha ka fashe, sannan baƙin bayan gida da ƙarancin jinin alamar gyambon ciki ne da ke zubar da jini, abin da magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da piroxicam ke jawowa in an yi ta ɗirka ba ƙa'ida. Magunguna ne masu arha a kemis, kuma suna kashe zafi da kumburi nan take, shi ya sa za ka ga kamar mu'ujiza a kwana biyu. Amma sitiroyid in ya daɗe a jiki yana ta da suga, yana ta da hawan jini, yana raunana garkuwar jiki, yana cinye ƙarfin ƙashi, wato tsohuwar da ake nema wa maganin baya ƙashin bayan nata ake ƙara lalatawa. Magungunan kashe ciwon kuma ban da ciki har ƙoda suke taɓawa. Babban abin tsoron shi ne jikin mutum da kansa yana samar da irin wannan sinadari, in aka yi makonni ana ba shi daga waje sai ya daina yin nasa, ranar da aka yanke kwatsam sai mutum ya zube, har rai ana rasawa ta haka. Shi ne abin da ya faru da garin ya ƙare. Don haka dan Allah in akwai wanda yake shan irin wannan garin ya kai makonni, kar ya karanta wannan ya watsar yau, ya ɗauki robar ya je wurin likita, a hankali ake janye shi. Hajiya ma sai da aka mayar da ita kan ƙwayar ta asibiti ana rage mata kaɗan-kaɗan.

Na tura masa hoton farantin. Ya karanta, ya yi shiru, da yamma ya turo murya wai maƙiya ne da 'yan baƙin ciki suke son ɓata masa suna kuma likitoci dama ba sa son na gargajiya. Na ce to a dawo min da ₦45,000 ta biyun da ba a turo kaya ba. Daga nan ban sake ganin hotonsa ba, ya toshe ni, shafin ma bayan kwana biyu ya ɓace.

Ni ba faɗa nake da maganin gargajiya ba, da shi aka raine mu, kuma akwai masu sana'ar tsakani da Allah da suke zaune a inda kowa ya san su, in abu ya fi ƙarfinsu su ce maka tafi asibiti. Wannan ko shago bai da shi, sai waya. Robar tasa da na duba da idon basira babu adireshi, babu ranar da aka haɗa ko ranar lalacewa, babu jerin abin da ke ciki, sai wata lamba da aka rubuta NAFDAC a gabanta, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Na shiga Greenbook ɗin hukumar a intanet inda ake duba kayan da aka yi wa rajista, na saka lambar na saka sunan, babu. Kuma ko da lambar gaske ce, ku sani irin wadda ake bai wa yawancin magungunan ganye mai harafin L a ƙarshe, ma'anarta an duba ba ya cutarwa ne, ba wai an tabbatar yana warkar da abin da mai shi yake faɗa ba, har rubutawa ake yi a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Yanzu Hajiya tana zuwa ɓangaren gashin ƙashi na asibiti, kuma abin da ya ba ni haushin kaina shi ne kusan duk abin da suka ce a yi a gida shi muke yi tun farko kyauta. Gashi da tawul mai ɗumi kamar minti 15 zuwa 20, ba mai ƙuna ba. Kar ta wuni a kwance, ta dinga ɗan takawa a tsakar gida. In za ta yi ɗinki ta zauna a kujera mai jingina ta ɗago hular kusa da ido maimakon ta kai kanta ƙasa, ta dinga miƙewa duk bayan rabin awa, matashi ɗaya madaidaici ba tulin uku ba, in ta kwanta ta gefe ta sa wani tsakanin gwiwoyi. Suka koya mata juya wuya a hankali dama da hagu. Matar da ke duba ta ta ce yawancin ciwon baya na yau da kullum yana lafawa cikin 'yan makonni, amma in ya zo da mutuwar ƙafa ko hannu, ko mutum ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko zazzaɓi da rama da gumin dare, ko bayan faɗuwa, wannan ba na tawul ba ne, a tafi asibiti a ranar, don har tarin fuka yana kama ƙashin baya. Mu nan Kano ga asibitin ƙashi na Dala a kusa, kuɗin da na zuba wa mutumin nan ya isa kati da hoto har da canji.

Mutum biyun da suka saya ta dalilina na bi su gida ɗaya bayan ɗaya na ba su haƙuri, ɗaya kawuna ne mai ciwon suga dama, Allah ya taimaka sati ɗaya kawai ya yi yana sha. Ragowar garin da ɓarɓashin na ƙulle su a leda da hoton shafin sabo da tsohon da shaidar tura kuɗin, ranar Litinin in Allah ya kai mu zan kai ofishin NAFDAC. Ban sa sunansa a nan ba don gobe ma wani zai canza, ku dai in kun ga mai rawani da robobi a baya yana cewa sanyi ne da basir suka kwanta a ƙashi, kwana 3 sadidan, to shi ne ko ɗan'uwansa. Fuskar Hajiya ta fara saɓewa, suga ne har yanzu ake bibiya duk sati biyu. Ku sa ta a addu'a.