Napoleon Dynamite: fim ɗin da babu bos, babu harbi

Ni dai gaskiya finafinan manyan kamfanonin Hollywood sun fara isata, kullum abu ɗaya, bos ya taso zai tarwatsa duniya, akta ya zo a rushe rabin gari sannan a ce mu jira kashi na biyu. Shi ya sa da wani abokina ya ba ni faifan Napoleon Dynamite na ce bari in gwada, kuma minti ashirin ɗin farko wallahi na kusa kashewa don ban ga inda aka dosa ba.

Fim ne na 2004, Jared Hess ya ba da umarni, shi da matarsa suka rubuta, an ɗauke shi a wani ɗan gari Preston a jihar Idaho da kuɗin da bai wuce kimanin dala 400,000 ba, wanda a wurin su Marvel ko kuɗin tallan fim bai kai ba. Jarumin ma Jon Heder dala 1,000 aka fara biyan shi. Aka kai shi bikin baje kolin finafinai na Sundance, Fox Searchlight suka saya, ya tashi ya kawo sama da dala miliyan 40. Abin dariyar ma masu sayen reshen babban kamfani ne, to ka ji.

Labarin fa ba wani labari ba ne. Yaro ne, Napoleon, ɗan sakandare mai cukurkuɗaɗɗen gashi da ƙaton tabarau, baki a sake kamar mai jin barci, yana zaune da kakarsa da yayansa Kip wanda aikinsa kenan hira da budurwa a intanet. Kaka ta yi haɗari aka turo Rico kawunsu ya kula da su, mutumin da har yanzu hankalinsa na 1982, kullum cika bakin da an sa shi a wani wasan ƙwallo na lokacin da yanzu ya zama wani. Kowace unguwa akwai irin sa a majalisa, shi ne ma ya fi ba ni dariya. Akwai inda Napoleon ya cusa soyayyen dankali a aljihun wando yana zarowa a aji yana ci a ɓoye, kyamara ta tsaya cak babu kiɗa babu komai, nan ne na gane salon, shirun nan shi ne barkwancin.

Inda ya gaza, tafiyarsa na da sanyi sosai, kuma wani lokacin sai ka rasa ko tausayin mutanen ake so ka ji ko dariya ake musu, musamman Pedro abokin Napoleon. Ƙanina ko rabi bai kai ba ya tashi ya ce ɓata lokaci ne. Amma rawar da Napoleon ya taka gaban 'yan makaranta don Pedro ya ci zaɓen shugaban ɗalibai, sau uku na mayar da ita baya. Ni na ba shi 7 cikin 10, kar dai ka kunna shi kana jin barci.