PS2 ɗin da na saya a Kaduna: na'ura lafiya lau, memori ya cuce ni

Masu tambaya ko har yanzu ana samun PlayStation 2 mai lafiya a garin nan, ana samu. Tawa siririyar ce, 'yar Beljiyam, na ɗauko ta a wani shago da ke bayan titin Ahmadu Bello, haɗe da hannu biyu na buga wasa da memori (katin ajiye ci gaban wasa) da filashi cike da wasanni. Kuɗin kun riga kun san yadda yake yanzu.

Ba don ƙwallo na saye ta ba, ko da yake Winning Eleven ne ya cinye mana kuɗin tara a gidajen gem na Tudun Wada. Resident Evil 4 ne ya kai ni, wanda Capcom ta fitar a 2005. A da can mai gidan gem ba ya bari a daɗe a kansa saboda layin 'yan ƙwallo, don haka ban taɓa wuce ƙauyen farko ba. Wallahi da na kunna, Leon, jarumin wasan, ya shiga ƙauyen nan na Sifen neman 'yar shugaban Amurka, na ji ƙarar zarton mutumin da ya rufe kansa da buhu, sai da tsigar jikina ta tashi. Ɗan yayata da ya saba da gem ɗin waya ya matso jikina yana cewa, "Kawu, gudu, yana bayanka!" Na'urar da aka fara sayarwa tun 2000, amma ba zafi, ba ƙara. Bidiyon tsakiyar wasa yana ɗan sarƙewa, domin ramin filashin PS2 tsohon USB 1.1 ne mai nawa, wannan kuwa na yafe. A ranar da za a tambaye ni, cewa zan yi kowa ya je shagon.

To sai memori. Duk wanda ya buga wasan ya san ba ko'ina ake ajiye ci gaba ba, sai ka samu tafireta a cikin wasan. Dare bayan dare ina tara kuɗi, ina sayen bindigogi wurin ɗan kasuwar nan mai doguwar riga, ina ƙara musu ƙarfi. Na kashe dodon tafki, na fita ƙauye, na ratsa fadar Salazar, ɗaya daga cikin mugayen wasan, da ƙyar, har na taka tsibiri. Washegari na kunna, wayam. Inda hoton wasana yake, sai wani ɗan akwati da ke nuna bayanan sun lalace. Abin haushin ma, manhajar Free McBoot da ke buɗe wasannin filashi a kan memorin take zaune, ita ma ta tafi. Na'ura ta koma ba ta ganin komai, ni kuma ba ni da faifai ko ɗaya.

Na koma shagon rai a ɓace. Mai shago ko kallon memorin bai yi ba ya ce, "Yallaɓai, wuta aka ɗauke maka kana cikin ajiyewa." Na ce masa Malam, da sola nake amfani, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Sai ya juya zance, wai in sayi wani ya sake zuba min manhajar, in kuma biya kuɗin aiki. Memorin da ya ba ni an rubuta 64MB a jiki, ba tambarin Sony ko'ina, alhali na asalin 8MB ne. Da bakinsa ya ce min na asali ne ranar ciniki, har da rantsuwa. Wannan rantsuwar ta fi asarar wasan ci min rai.

Tunda an zo nan, hannu na biyun ma jabu ne. Sandar hagu tana jan Leon gefe ko ba ka taɓa ta ba, na yi shiru ne da farko don murna ta rufe min ido. Wayar talabijin kuma sai an tokare ta da ashana kafin launi ya zauna.

Wani yaro mai gyara a Kawo ne ya samo min memorin 8MB na hannu, ya zuba manhajar a gabana, ya kuma ba ni shawara in raba: manhaja a rami na ɗaya, ajiyar wasa a wani memorin a rami na biyu. Haka na yi. Na'urar kam ina son abata, amma shagon can ko batirin rimot ba zan ƙara saya a wurinsa ba, kuma abokan da na riga na tura na kira su ɗaya bayan ɗaya na ce su duba memorinsu.