Rikicewar jeri ko ragowar fili a shafi: wanne ke nauyaya kuweri a SQL Server?

Malam, tambayarka ita ce ka duba sys.dm_db_index_physical_stats a SQL Server, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, ka ga wani fihirisa (index, jerin da ke saurin gano layuka a tebur) ya kai kashi 97 cikin ɗari na rarrabuwa, ka yi masa REBUILD, wato ka sake gina shi, kuweri (tambayar da ake aika wa rumbun bayanai) ya yi sauri. Bayan ɗan lokaci lambar ta koma sama, amma saurin bai ragu ba. Shin lambar ce ke ƙarya, ko akwai wata da ya kamata ka duba?

Lambar ba ta yi ƙarya ba. Abin da take aunawa ne bai kai yadda muke ɗaukarsa nauyi ba. Wannan umarni, wanda ya zo da SQL Server 2005 ya maye gurbin DBCC SHOWCONTIG, yana fitar da lambobi biyu da mutane kan haɗa a kwando ɗaya, alhali ciwo biyu ne daban.

SQL Server yana ajiye komai a shafuka masu girman KB 8. Idan aka zo saka sabon layi a tsakiyar shafin da ya riga ya cika, sai ya tsaga shafin gida biyu, ya kwashe kusan rabin layukan zuwa sabon shafi a wani wuri cikin fayil. Daga wannan tsagewa ɗaya ciwon biyu ke fitowa.

Na farko shi ne avg_fragmentation_in_percent, wanda ka gani. Yana auna yadda jerin shafuka bisa ga mabuɗin fihirisa ya saɓa da jerinsu a cikin fayil. Shafi na biyar yana nan, na shida yana can nesa. Wannan yana cutar da abu ɗaya ne kawai: karatu mai tsawo daga faifai. Idan kuweri zai bi ta kan dubban shafuka, SQL Server yakan riga ya ɗebo su tun kafin a buƙace su, har shafi 64 a jere, wato KB 512, a ɗiba ɗaya. Idan jerin ya rikice, ɗibar takan zama ƙanana-ƙanana. A faifai mai juyawa, inda allura ke tafiya daga wuri zuwa wuri, wannan asara ce ta gaske. A SSD kuwa asarar ta ragu sosai, don babu allurar da za ta yi tafiya. Kuma idan shafukan sun riga sun shiga RAM, rikicewar jeri ba ta da wani tasiri ko kaɗan. Haka ma kuwerin da ke neman layi ɗaya ta mabuɗinsa, kamar neman asusu ta lambarsa: zai sauka ta matakan fihirisa ya ɗauko shafinsa, ko jerin ya rikice ko bai rikice ba.

Na biyu shi ne avg_page_space_used_in_percent, wato yadda kowane shafi ya cika. Wannan ne nake so ka riƙa dubawa da farko. Ɗauki tebur mai shafi 100,000, kusan MB 800 ke nan. Idan shafukan sun cika kashi 60 ne kawai, bayanan da za su shiga shafi 60,000 sun mamaye 100,000. Kamar ka loda wa mota buhunan hatsi da ba su kai baki ba ne: kuɗin mota na buhu ɗari za ka biya, hatsin na buhu sittin ne. SQL Server ba ya ɗaukar rabin shafi. Duk shafin zai karanto daga faifai, duk shafin zai zauna a RAM da fili maras amfani a cikinsa, duk shafin zai shiga ajiyar kariya ta dare. SSD bai warkar da wannan ba, RAM ma bai warkar ba, shi ne ma wanda ke shan wahalar, don wurin da wani tebur zai zauna ne aka cinye.

Abin takaici, lambar da ta fi muhimmanci ita ce ba ta bayyana idan ka gudanar da umarnin yadda yake. Yanayin LIMITED, wanda shi ne na asali, ba ya karanta shafukan ƙasa na fihirisa, inda layukan kansu suke, don haka sai ka ga NULL a wurin cikar shafi. Sai ka ce masa SAMPLED, wanda ke duba kashi ɗaya cikin ɗari na shafukan, ko DETAILED, wanda ke karanta duka. Kada ka gudanar da DETAILED a kan babban tebur da rana tsaka mutane na aiki.

To me ya sa REBUILD ɗinka ya kawo sauri? Zato na mafi ƙarfi shi ne ba gyaran jeri ba ne ya kawo shi. REBUILD yana sabunta ƙididdigar fihirisar (statistics, bayanin yadda ƙimomi suka bazu a cikinta) ta hanyar karanta dukkan layuka, kuma da sabuwar ƙididdiga SQL Server yakan sake tsara hanyar da zai bi ya amsa kuwerin. Shi ya sa lambar ta koma 97 saurin bai tafi ba. Gwajin ba shi da wuya: nan gaba idan kuwerin ya yi nauyi, fara da UPDATE STATISTICS tare da FULLSCAN kaɗai. Idan ya warware, ka huta da REBUILD na kowane dare.

Za ka ji ana cewa daga kashi 5 zuwa 30 na rarrabuwa a yi REORGANIZE, wato sake jera shafuka ba tare da gina sabo ba, sama da 30 a yi REBUILD, fihirisa mai ƙasa da shafi 1,000 kuma a ƙyale shi. Paul Randal, wanda ya yi aiki a kan injin ajiya na SQL Server a Microsoft, ya faɗa da bakinsa cewa shi ya tsara waɗannan lambobi don a samu abin farawa da shi. Kuma a zamanin faifai mai juyawa aka tsara su. Abin farawa ne, ba hukunci ba.

Idan har gyaran ya zama dole, REORGANIZE yana aiki ne a shafukan ƙasa kawai, ba ya tare masu aiki, kana iya tsayar da shi a tsakiya abin da ya yi bai lalace ba, amma ba ya taɓa ƙididdiga. REBUILD yana gina sabon fihirisa ne gaba ɗaya, don haka yana buƙatar fili kwatankwacin girman tsohon, yana kumbura fayil ɗin log, inda ake rubuta kowane sauyi, kuma idan ba ka sa ONLINE ba zai kulle teburin har ya gama.

Ma'aunin da ba ya yaudara shi ne kuwerin kansa. Kunna SET STATISTICS IO ON da SET STATISTICS TIME ON, gudanar da shi kafin gyara da bayan gyara. Idan logical reads, wato yawan shafukan da kuwerin ya karanta, sun ragu, cikar shafi ce ta gyaru, ko hanyar ta sauya. Idan suna nan yadda suke amma lokacin jiran faifai ya ragu, jerin ne. Idan babu abin da ya motsa, rarrabuwa ba ita ce matsalarka ba.

Akwai kuma rarrabuwar fayil ɗin kansa a kan faifai, wadda waɗannan lambobi biyu ba sa gani. Kafin SQL Server 2016, fayil ɗin bayanai yakan ƙara girma da MB 1 ne a kowane lokaci idan ba a sauya ba, sai ya warwatsu gutsu-gutsu. Daga 2016 aka mai da shi MB 64. Manhajar Contig ta Sysinternals za ta ƙirga maka gutsuren.

Abu biyu zan roƙe ka ka duba yau. Idan mabuɗin teburin NEWID() ne ke samar da shi, wanda ke ba da lambobi ba bisa jeri ba, kowane sabon layi zai faɗa wuri dabam ya tsaga shafin idan ya cika, lambar kuma za ta ci gaba da komawa 97 komai yawan gyara. NEWSEQUENTIALID(), mai ba da lambobi a jere, ko rage FILLFACTOR (yawan cikar shafi lokacin gina fihirisa) na wannan fihirisar kaɗai shi ne maganin. Sannan ka tabbata AUTO_SHRINK a kashe yake, kuma babu aikin dare da ke yin SHRINK, wato rage girman fayil, bayan REBUILD, don SHRINK yana kwaso shafuka daga ƙarshen fayil ya cusa su duk inda ya ga fili, ya rikita jerin da aka gama gyarawa.