Ƙwan fitila 12 da na gwada a shagon ɗinkina

A jikin kwalin an rubuta awa 15,000. Ni tela ne a Kano, fitilar shagona tana ci daga magariba zuwa tsakar dare, gab da Sallah kuwa har asuba. Da na sayi ƙwayaye 12 na LED masu wat 9, sai na rubuta wa kowanne ranar da na ɗaura shi, ina lissafa awanninsu a bayan littafin awona.

Haskensu fari ne tas, har baƙin zare a kan baƙar shadda ina gani. Wannan kam na yaba.

Ƙwai ba ya gyaruwa, in ya mutu sai bola. Irin wannan kaya injiniyoyi na auna shi da lissafin MTTF, wato matsakaicin lokacin da yake yi kafin ya mutu: a haɗa awannin da duka suka yi aiki, a raba da yawan waɗanda suka mutu. Ƙanena mai gyaran wuta ya ce adadin kan kwali galibi lokacin da haske zai ragu ne zuwa kashi 70 cikin ɗari.

Nawa huɗu sun mutu kafin awa 3,000, kuma duk waɗanda ke cikin rufaffen gilashi ne, dab da rufin kwano. Da ƙanena ya fasa ɗaya, kafasitan ciki ne, wato ɗan abin da ke tara wuta yana daidaita ta, ya kumbura saboda zafi. Ƙarin digiri 10 kan rage masa kusan rabin kwanansa. Takwas ɗin da ke sarari har yau suna ci.

Zan sake sayensu, amma gilasan nan tuni na cire su.